Baƙin Ruwa a Bututun Mukayyif

Shekarar da ciwon Inna ya yi tsanani, zafin Omdurman ma ya zo da nasa rashin mutuncin. Likita ya ce tsohon mukayyif ɗinmu, na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, damshinsa na ƙara toshe mata ƙirji, a nemo mai gas. Na ɗauko shi daga kasuwar Suk al-Arabi ranar Alhamis, na ce ni zan ɗaura abina. Taurin kai dai na gada.

Maƙwabcinmu a unguwar Alsawra ya ara mini famfon zuƙe iska da agogon awonsa mai allura. Ya ja mini kunne: kafin a saki gas sai an zuƙe bututun tas, ko ɗigon damshi kada ya rage. In an kashe famfo allura ta tsaya cak, to babu yoyo.

Na bar bututun tagullar a nannaɗe a tsakar gida na je karɓo famfon. Da na dawo na haɗa komai, na zuƙe, na kashe. Allura ta fara rarrafowa sama. Na ƙara ɗaure noti, na sake, ta sake rarrafowa. Raina ya ɓaci, har na fara tsine wa mai shago. Sai idona ya kai kan man famfon, ya koma fari kamar nono.

Na kwance bututun na karkata shi. Baƙin ruwa ya ɗigo mini a tafin hannu, yana ƙamshin ƙaro. Na san ƙamshin nan tun ina rarrafe. Tawadar Baba ce.

Baba malami ne, kakansa ya taso daga ƙasar Hausa zai je hajji ya tsaya a nan. Yana zaune kan buzunsa a inuwa, allo a jingine, an wanke shi fes.

"Baba, rubutu kuka zuba a ciki?"

"Kofi ɗaya ne. Na mayar da murfin."

Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi masa ba. Na ce yanzu ruwan ya shige cikin injin ɗaki, sai an kawo mai gyara ya wanke, ga shi gobe Juma'a kasuwa a rufe.

Bai yi fushi ba. Ya ce tun da Inna ta daina haɗiyar ruwa, a tankin tsohon mukayyif yake zuba mata, iska ta kai mata. "Wannan na duba ko'ina ban ga wajen ruwa ba, ɗan nan. Ta ina kake so ya isa gare ta?"

Tsohon mukayyif ɗin kuwa na riga na cire shi na toshe tagar.

Juma'a muka yi ta karɓa-karɓa da mafici a kan Inna, ni da shi, ba mai kallon wani. Mai gyara ya zo Asabar da hantsi, ya wanke, ya zuƙe, allura ta tsaya cak. Ɗakin ya yi sanyi bayan la'asar. Matan da suka zo ta'aziyyar Inna su suka fara zama a ciki.