Gurbin da Baba Ya Hana Shiga

A shekarar da muka gudo daga ƙauyen mijina da ke ƙasar Rabah, gidan mahaifina muka sauka, a wani ƙauye na fadamar Goronyo, ba nisa da Rimawa. Ba mu kaɗai ba ne. Ƙanin mijina ya biyo mu da iyalinsa, haka ma wasu gidaje na unguwarmu da ba su da kowa a ko'ina. Ɓarayin daji sun kore shanu, sun cinna wa rumbuna wuta, geron da muka girbe ko dami ɗaya ba mu fito da shi ba. Aka ba wasu zaure, wasu suka kafa bukkoki a bayan makarantar firamare. Mutanen gari suna ce mana 'yan gudun hijira, har da ni da aka haifa a cikinsu.

Mahaifina shi ne sarkin ruwan garin. Gabas da gari akwai wani babban tafki da gulbi ke cikawa idan ya tumbatsa da damina, ya zuba kifi a ciki ya koma. Da zarar ruwa ya janye, Baba yakan sa a yi shela an rufe tafki. Ba mai jefa ƙugiya, ba mai shiga da homa, wato ragar hannu, sai ranar su, ranar da kowa zai faɗa ruwa lokaci guda. Ba a sa wannan rana sai bazara ta nuna, an gama cirar albasa. Ita ce babban bikinmu bayan salla. Makaɗa su zo, 'yan mata su sha kitso, masu ƙosai da masu fura su jeru a ƙarƙashin giginyu, baƙi su zo har daga Wurno. Amma ko a ranar akwai abin da ba a yi. Ƙaramin kifi mayar da shi ake yi. Sannan a tsakiyar tafkin akwai wuri mai zurfi da muke kira gurbi, wanda Baba ke kewayewa da turaku. Can manyan kifaye ke fakewa idan ruwa ya hargitse, su ne za su hayayyafa idan damina ta dawo. Tun tasowata ban taɓa ganin wanda ya wuce turakun nan ba.

Ana saura kwanaki a buɗe tafki, da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa zuwa inuwa, yayana ya kama ƙanin mijina a bakin ruwa da tarwaɗa a cikin buhu. Yayana shi ne babban ɗan Baba, shi ke zagayen tafkin tun da gwiwoyin Baba suka fara ciwo. Ya taso shi a gaba har zauren gidanmu, jama'a na biye. Ni ina bayan zana, ina jin komai.

Baba ya ce, "Ba ka ji shela ba?"

"Na ji, Baba."

"To mi ya kai ka?"

Ya ce, "Ɗiyata ba ta da lahiya. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu. Romo nika so a yi mata ko ta sha."

Wani daga waje ya ɗaga murya: "Mu ba mu da ɗiya? Wata da watanni muna kallon ruwan ga mun danne zuciya, baƙo ya zo ya ci!" Wani ya ce a kore mu duka mu koma inda muka fito. Na ji muryar mijina yana ba da haƙuri, muryar da ban san shi da ita ba, can ƙasa. Na riƙe zanar nan har tsinke ya shige mini hannu.

Baba ya bari suka yi shiru da kansu. Ya ce kifin ya riga ya mutu, a kai wa uwar yarinya ta dafa. Shi kuwa mai laifi, bana ba zai taka ruwa ba ranar su, a bakin gaɓa zai tsaya yana kallo, kamar yadda ake yi wa ɗan gari in ya yi haka. Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba. 'Yan gari suka ce ya sassauta don surukansa ne. Mutanenmu suka ce an tozarta mai yunwa a gaban jama'a. Mijina ya daina cin abincin gidanmu, sai ya ce ya ƙoshi.

Ana cikin haka labari ya zo cewa ɓarayin sun aika wa wani ƙauye da ke hayin gulbi saƙo, sun ce suna nan tafe. Wasu suka ce a fasa bikin. Dattawa suka zauna da maigari, suka yanke cewa za a yi, amma da safe, a gama kafin azahar. Ba za a harba bindigar da aka saba buɗe ruwa da ita ba, farin ƙyalle za a ɗaga. 'Yan sa-kai kuma za su tsaya a kan hanya.

Ana gobe ranar su, yayana ya same ni a madafa ina tankaɗe. Ya tsuguna yana gyaran homarsa, bai dube ni ba, ya ce, "Ki yi ma Baba magana. Ke yana jin taki."

"Maganar mi, Yaya?"

"Gurbi. Samari sun ce bana sai an shiga. Kuma ni ban ga laihinsu ba. Muna aje kihi don baɗi, wa ya san inda muke baɗi? Ku ma ba kun aje gero ba? Ina shi?"

Gaskiya ya faɗa, geronmu toka ya zama. Na ce, "Kai da ka kama mutum kan tarwaɗa?"

Ya ce, "Shi sata ya yi. Mu da rana za mu shiga, gaban kowa."

Ban yi wa Baba maganar ba. Na je bakin ɗakinsa da niyya, na same shi yana shafa man zafi a gwiwa, na gaishe shi na dawo.

Da safe gari ya fita. Ban taɓa ganin biki irin wannan ba. Kowa ya yi kwalliya, amma kowa na waiwayen hanya. Makaɗa suna kiɗa ƙasa-ƙasa kamar masu jin kunya. Na goya ƙaramar 'yata, na tsaya tare da matan unguwarmu a gefe guda, matan gari a ɗaya gefen. Ƙanin mijina yana tsaye shi kaɗai a gindin wata giginya, ya harɗe hannu. Baba ya yi addu'a, aka shafa, ya ɗaga farin ƙyalle, maza suka ruga cikin ruwa da homa da gora.

Na ɗan lokaci na manta da tsoro. Ruwa ya koma laka, ana ta ihu, wannan ya ɗaga karfasa, wancan ya rungumo tarwaɗa kamar jariri. Yara na bin gaɓa suna tsince ƙananan da aka watso, suna jefa su ruwa kamar yadda aka koya musu. Mijina ma ya shiga da homar aro, na ga haƙoransa a karon farko tun da muka zo.

Da hantsi ya ɗaga, kifin bakin ruwa ya yi ƙaranci. Sai na ga samari suna haɗuwa wuri ɗaya, suna matsawa tsakiya a hankali, yayana a gabansu. Baba ma ya gani. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya shiga ruwa da sandarsa, yana ɗingishi. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ya isa turakun kafin su, ya juyo ya fuskance su, ya gicciya sandar a kan ruwa.

Kiɗa ya tsaya. Daga inda nake ina jin maganarsu, don ruwa na kawo murya.

Yayana ya ce, "Baba, ka kauce."

"Ba ni kaucewa."

"Mutane na jin yunwa. Garin ga ya cika da baƙi. Gobe ana iya tashin mu."

"Ana iyawa. In an tashe mu, wasu za su zauna nan, ko mu mu komo. Ba ni ne zan bar musu ruwa wayam ba."

Wani saurayi daga baya ya ce, "A ɗauke tsohon ga a kai shi gaɓa!" Suka ƙara matsowa. Na ga hannun yayana ya kama sandar Baba. Ban san na yi kururuwa ba sai da 'yata ta fashe da kuka a bayana.

A daidai nan aka ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, rugugi ne mai yawa daga wajen hanya. Wata mata ta ce, "Ga su nan!" Abin da ya biyo baya ba na iya jera shi daidai. Na san mutane sun fito daga ruwa suna tattake juna. Na san kaskon mai ƙosai ya kife, mai ya zubo mata a ƙafa. Na san na tsinci kaina kwance a cikin kunyar albasa, na danne bakin 'yata da tafin hannu, ina karanta duk abin da ya zo bakina. 

Ashe masu sayen kifi ne daga Wurno. Saboda tsoron hanya suka jira juna suka taho a ayari ɗaya, kowa da kwando a bayan babur. 'Yan sa-kai sun san su, shi ya sa suka bar su suka wuce.

Mutane suka riƙa fitowa daga gonaki, jiki duk laka, ba mai kallon idon wani. Homa da goruna na yawo a kan ruwa, kifi a warwatse a ƙasa yana tsalle. A tsakiyar tafkin kuwa Baba na nan tsaye inda aka bar shi, shi kaɗai. Ba wanda ya sake maganar gurbi. Ba zan ce maganar Baba ce ta ratsa su ba. Tsoro ne ya kashe musu jiki, kowa so yake ya kwashi nasa ya tafi gida. Mijina da wani maƙwabci suka shiga suka riƙo shi, yana rawar sanyi cikin wannan zafi.

Duk da haka sai da ya zauna aka fitar da kason waɗanda ba su shiga ruwa ba, tsofaffi da gwauraye da marasa lafiya, kamar kowace shekara. Ya ce bana a haɗa da bukkokin bayan makaranta. An yi gunaguni, amma an kai. Ƙanin mijina ya ƙi karɓar nasa. Matarsa ta zagayo ta baya ta karɓa.

Zazzaɓi ya kwantar da Baba bayan nan. Ina ba shi kunu wata safiya na ce, "Baba, da sun ture ka fa?"

Ya ce, "Da sun ture ni."

"To da anka ji babura, mi ya hana ka gudu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ɗiyata, na so in gudu. Ƙahwata ta kahe cikin laka."

Yayana bai shigo duba shi ba. Ya tattara kayansa ya tafi Wurno aikin shinkafa, sai da babbar salla ya dawo, ya durƙusa ya gaishe shi, suka yi maganar taki da farashin albasa. Ɓarayin ba su zo garin ba a wannan shekara, amma sun shiga ƙauyen hayin gulbi da farkon damina, mutanensa ma suka taho wurinmu. Mu kuwa ba mu koma ƙasar Rabah ba har yau. Wani kawuna ya ara wa mijina 'yar fadama, a nan ya koyi noman albasa yana da furfura.