Igwa Talatin a Ɗakin Yahuza

Shekara goma sha ɗaya muka yi da Yahuza a gidan hayar Baba Rasaki, nan Agege bayan layin dogo. Ɗakinsa yana kallon nawa, taku uku ne tsakaninmu, in ya yi tari ni ke fara yi masa sannu kafin matarsa. Ni tuwo nake sayarwa a ƙofar gida. Shi kuwa ɗaurin goro yake yi a kasuwa: ya shimfiɗa ganye, ya jera goro, ya naɗe huhu ya ɗaure da igiya, yadda ko mota ta kife a hanyar Kano ɗaurinsa ba zai kwance ba.

Mutumin ƙasar Daura ne, daga wani ƙauye da ruwan da ya fi girma a cikinsa shi ne na rijiya. Amma wannan bawan Allah, jirgin ruwa ne ya shiga ransa. Ba ma irin na yanzu mai inji ba, irin na mutanen da, wanda iska ke turawa da ƙyallaye, ana yaƙi da shi a tsakiyar teku.

Da ƙuruciyarsa ya yi gadi a gidan wani tsohon Bature a Apapa. Baturen ba shi da aiki in ya dawo daga ofis sai sassaƙa 'yan ƙananan jirage, Yahuza yana riƙe masa zare. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa takardun zane a naɗe, da magagari, da wasu 'yan wuƙaƙe kamar na wanzami. Wajen karatun boko ni da Yahuza duk ɗaya muke. Amma ka ba shi zane, sai ya gaya maka inda kowane tsinke zai zauna.

Jirgin da ya ƙera da ya jawo mana magana tsawonsa ya kai hannu biyu, kuma shekara uku ya yi yana yinsa. Katakon daga wajen masu tsaga itace na Ebute Metta yake tsinto shi. Dogayen sandunan da ke tsaye a tsakiya muciyoyina ne da suka tsufa, ya fere su. Ƙyallayen tsohuwar rigarsa ce ta alawayyo, ya jiƙa ta a ruwan shayi har ta yi kalar tsufa. Zare kuwa, matarsa Bara'atu ta gaji da ɓoye nata ta sallama.

Abin da ya fi ba ni haushi da shi, har cikin jirgin yake ƙerawa, inda ba mai gani. 'Yan ganguna na ruwa, matakala, har da murhu da tukunya a kai kamar ƙwayar gujiya. In ya gama sai ya kawo katako ya rufe sama da gam.

Na ce, "Yahuza, wa zai ci abincin murhun nan? Kyankyasai?"

Ya ce, "Gwaggo Hajo, ko ba a gani ba ni na san yana nan."

Na ce, "Allah ya ƙara wa Bara'atu haƙuri."

To, jirgin yaƙi sai da igwa, kuma igwar takardarsa ta tagulla ce. Ina mai ɗaurin goro zai samu tagulla? Sai ya koma wa 'yan bola. A shekarun soja kwanson harsashi ba ya wuya a bola, suna tara masa wanda aka riga aka harba, fanko, yana zubawa a gwangwanin madara. Ya ɗauki ɗaya ya yanke, ya goge da magagari, ya cusa masa itace, ya yi masa 'yan ƙafafu. Talatin ya jera a hawan ƙasa, sha biyar kowane gefe, kafin ya rufe saman. Kowace igwa da 'yar tagarta. Nan kuma ya ƙara abin da babu a takardar Bature: ya haɗa tagogin duka da zare ɗaya, ya ɓoye bakinsa a gindin jirgin. In ya ja, sai su buɗe gaba ɗaya, igwogi su leƙo. Duk duniya ba abin da yake alfahari da shi kamar zaren nan.

A shekara ta uku da komawar mulki hannun farar hula, Ikko ta ƙi zama lafiya. Ranar wata Lahadi ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, ƙasa ta yi ta girgiza, muka yi ta gudu ba mu san inda muka nufa ba. Ba a gama kukan wannan ba, sai rikici ya tashi a Idi-Araba wajen Mushin tsakanin namu da Yarbawa. Agege ba a taɓa kowa ba tukuna, amma kowa ya kasa kunne. Matar da kuka shekara kuna aron gishiri, sai ka ga ta gaishe ka ba ta dube ka ba. Aka fara cewa Hausawa sun tara makamai a ɗakuna. Mu ma a namu ɓangaren ana faɗin haka a kansu.

Dattawan layinmu, namu da nasu, suka zauna suka yanke cewa za a bi gida gida, ɗaki ɗaki, da rana tsaka kowa yana gani. In ba a samu komai ba, mai gida ya fito ya rantse a gaban jama'a. In an samu, a miƙa mai ɗakin ga 'yan sanda. Haka aka faɗa da baki. Amma na ga samarin da suka taru a bakin layi da gorori, na san wanda aka fito da shi ba zai kai ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ba.

Da hantsi ina tuƙa tuwo, sai ga Bara'atu ta fito, ta ɗaga gefen zaninta ta nuna mini gwangwanin. Cike yake fal. Masu binciken kuwa saura gida biyu su iso.

Ta ce, "Gwaggo, ina zan kai shi? Masai yana bayan gida, kuma yaran nan sun hau katanga suna kallo."

Na ce, "Sunkuyo kamar kina gyara mini wuta."

Ta sunkuya. Na karɓa na juye shi kaf a cikin tukunyar, na danna muciya. Tuwon masara in ya yi kauri ba ya barin abu ya yi ƙara. Na tuƙa, na tuƙa, har ba ka ganin komai, na rufe.

Sannan na shiga wajen Yahuza. Yana zaune a gaban jirgin kamar mai jinya.

Na ce, "Cire na cikin jirgin nan."

Ya ce, "Ba su ciruwa, Gwaggo. Sai an fasa saman."

"To fasa."

"Shekara uku, Gwaggo."

"Kai kuma shekararka nawa? Ita za ka bayar?"

Ya bi tagogin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa ya rufe su ruf. In ba ka sani ba, sai ka ce ado ne aka zana a jikin katako.

Na ce, "To ka ji ni da kyau. Ko sun zagi uwarka, hannunka kada ya je gindin jirgin nan."

Su biyar suka shigo. Baba Rasaki mai gidan a gaba, tsohon makanikin reluwe ne, yana dogara sanda. Dattawa biyu, ɗaya namu ɗaya nasu. Sai samari biyu, babbansu Kamoru, kwandastan motar haya ta danfo. A gabana aka haifi yaron nan, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge, tuwona ya ci ya girma. Amma ƙanwarsa tana cikin waɗanda suka faɗa ruwa suka mutu ranar gudun Ikeja, tun daga ranar ba a ƙara ganin haƙorinsa ba.

Ya tsaya a kan tukunyata. "Iya, zuba mana. Tun safe muke yawo."

Na ce, "Bai nuna ba."

"Ga ƙamshi har titi?"

"Ka zo bincikar ɗakin tsohuwa, kuma ka ci tuwonta? Je ka fara ɗaga katifata ka ga bindigogin da nake kwana a kai, mara kunya. In ka gama ka dawo in wanke maka hannu."

Ɗayan saurayin ya yi dariya. Kamoru bai yi ba, amma ya wuce.

Ɗakina ba su daɗe ba. A na Yahuza suka zazzage akwati, suka leƙa ƙarƙashin gado, suka kwance takardun Bature suka juya su sama da ƙasa. Ba komai. Ina tsaye a bakin ƙofa ina karanta duk abin da na iya. Har Baba Rasaki ya juya zai fita, sai Kamoru ya ƙyalla ido ya ga jirgin a kan tebur.

"Wannan fa, Malam? Shi ne abin da ake cewa kana yi shekara da shekaru?"

Yahuza ya ce, "Shi ne."

"Kwalekwalen masu kifi ne?"

"Jirgin yaƙi ne."

Na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi.

Kamoru ya taɓe baki. "Yaƙi da me? Da tsumma? Wannan ko itacen wuta aka loda masa daga Epe sai ya nutse. Ƙato da kai, da gemu, kana wasan yara. Kai da ko kogi ba ku da shi a garinku."

Na ga kunnen Yahuza ya motsa. Zagin uwa na yi masa kashedi a kai, ban san ta jirgin za a biyo masa ba. Kafin in buɗe baki, hannunsa ya kai gindin jirgin. Ƙaras! Tagogi talatin suka ɗaga lokaci ɗaya, tagulla tana walƙiya.

Bara'atu ta zame ta zauna a ƙasa.

Kamoru ya durƙusa, ya kafa ido a taga ɗaya. Wanda ya tashi a Ikko a zamanin soja ba sai an gaya masa kamannin harsashi ba. Ya miƙe a hankali, ya kama wuyan rigar Yahuza, ya ce wa abokinsa da Yarbanci ya je ya kira na waje.

Na tare ƙofar da jikina. Na ce, "Sai dai ka bi ta kaina, kuma ka je ka gaya wa uwarka wadda ka taka."

Baba Rasaki ya buga sandarsa a ƙasa. Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya zura tsinken ashana a bakin igwa ɗaya. Ya daɗe yana taɓawa.

Ya ce, "Fanko ne. An cusa masa itace. Wannan ko ƙuda ba zai kashe ba." Sai ya juya ga Yahuza. "Amma ni zan fita in ɗaga hannu in ce babu harsashi a gidana. Waɗanda ke waje ba su san fanko ba. Muddin abin nan yana cikin ɗakin nan, ba zan rantse ba. In kuwa ban rantse ba, ka san saura."

Daga waje an fara bugun ƙyauren gida, ana tambayar me ya tsayar da su.

Yahuza ya dubi jirgin, ya dubi matarsa a ƙasa. Ya ce, "Sake ni, Kamoru." Ya ɗauko wuƙarsa ta yankan igiyar goro, ya zura bakinta a ƙarƙashin rufin jirgin, ya danna. Ƙarar katakon nan har yau tana kunnena. Sandunan suka karkace, zaruruwa suka tsintsinke, ƙyallaye suka zubo. Ya ɗaga saman ya ajiye gefe.

Ranar ce kaɗai mutane suka ga cikinsa. Ga 'yan ganguna a jere, ga matakala, ga murhun da tukunyarsa. Kamoru ya tsaya yana kallo, bakinsa a buɗe. Yahuza kuwa bai dubi kowa ba. Yana ɓalle igwogin ɗaya ɗaya yana zubawa a hular Baba Rasaki, har talatin.

Kamoru ya ce, muryarsa ta sauka, "Saura fa? Wanda ya yi talatin yana da ragowa."

Yahuza bai iya ƙarya ba, wannan ma wata cutarsa ce. Sai ya ɗago ido ya dube ni. Duk suka juyo.

Na ce, "To, ɗazu kana neman tuwo. Zo ka ci."

Na buɗe tukunyar, na yanko da mara na ɓare a gabansu. Ga su nan a ciki kamar ƙashin kifi. Dattijon namu ya ce, "Innalillahi, Hajo!" Na nasu ya toshe baki da babbar riga, kafaɗunsa suna rawa.

Kamoru da kansa ya ɗauki tukunyar da zafinta. Baba Rasaki ya juye hularsa a ciki. Aka bi ta tsakar gida, yaran kan katanga suna ganin tuwo ne ya lalace, aka zuba a masai. Sannan tsohon ya wanke hannu, ya buɗe ƙyaure, ya rantse cewa babu komai a gidansa. Kuma gaskiya ya faɗa. Muna jin taron ya matsa gida na gaba.

Wata biyar Yahuza ya yi yana gyaran jirgin. Tsagar tana nan a samansa, in ka shafa za ka ji ta. Tagogin ya liƙe su da gam, ya yanke zaren. Na ce ya yi igwar itace mana ya shafa mata baƙin tukunya. Ya ce a takarda ta tagulla ce, shi ba zai sa ta ƙarya ba.

Yana nan a kasuwar goro har yanzu, gemun ya yi fari, yana kan jirgi na huɗu. Kamoru in ya tsinci tsohuwar lema a danfo yakan kawo masa ƙarafunanta, ya ajiye a bakin ƙofa ba ya shiga. Baƙo in ya ga wancan jirgin ya tambayi ko na mene ne, Yahuza cewa yake yi na dakon goro ne.