Keken da Na Kankare wa Suna

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Oktoba na shekarar 2017, bayan an sauko daga masallaci, Abba ya ce in sa takalmina in biyo shi. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin. Bai faɗa mini inda za mu ba sai da muka tsaya a gaban wani katafaren kantin kayan wasanni, irin wanda ake sayar da tanti da takalman gudu da ƙwallaye duk a wuri ɗaya. Can ƙuryar kantin kekuna ne rataye har sama, ƙanshin sabuwar roba ya cika wurin. A sahun gaba akwai masu manyan sunaye, waɗanda yaran gidanmu ke ambata kamar sunayen 'yan ƙwallo. Abba bai ko tsaya a kansu ba. Ya wuce da ni sahun baya, inda kantin ya jera nasa na kansa, waɗanda ya sa aka ƙera masa ya liƙa sunansa a jiki da manyan haruffa farare. Ya sauko da wani shuɗi, ya matsa birki, ya juya taya yana saurare, sannan ya ce in hau. Da ƙyar ƙafata take taɓa ƙasa. Ya ce hakan ya fi, zan girma in same shi.

Abba ma'aikaci ne a wani kamfanin jigilar kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a Dubai, shi ke bin takardun kwantenoni daga jirgi zuwa sito. A hanyarmu ta komawa ya yi ta yi mini bayani cikin nishaɗi. "Ni nake ganin kayan nan suna shigowa," in ji shi, "masana'anta ɗaya ce take yin su, suna ne kawai ya bambanta." Ban san ko haka ne ba, har yau ban bincika ba. Na dai yi godiya, na juyar da fuskata wajen taga, don na riga na san abin da zan tarar a gida.

Gidanmu a hawa na uku yake a wani bene cikin Dubai Investments Park. Ɗakuna biyu ne da falo da 'yar baranda, inda Umma ta jera bokitan fenti ta shuka yakuwa da tattasai da alayyahu, tana kiran wurin gonarta. Ni ke ba su ruwa kafin motar makaranta ta iso, ni ke kai shara, ni ake aika shagon ƙasa sayen burodi da madara. Idan zafi ya sassauta daga watan Nuwamba, bayan la'asar duk yaran benen sai mu sauka filin ajiye motoci, 'yan Indiya da 'yan Sudan da 'yan Masar da mu Hausawa gida uku. Mu 'yan mata mukan yi 'yar gala-gala da allin da muka kwaso daga makaranta, mu koya wa 'yan Sudan carafke da tsakuwar bakin titi, amma babban wasa shi ne tseren keke, daga bakin ƙofa a zagaya bayan bene a dawo. Muna nan har sai mun ji muryar Umma daga baranda: "Yalla, a shigo, khalas, ya isa haka, magariba ta yi."

Jidda ce ta fara. 'Yar wani Alhaji ce ɗan kasuwa daga Kano da ke hawa na biyar, kuma ita ce ƙawata mafi kusa, tare muke karatun allo a falon malaminmu ranar Asabar. Kekenta ja ne mai suna, daga Turai aka kawo mata. Ta dubi nawa, ta karanta sunan kantin da ƙarfi, ta ce ashe masu sayar da safa suna yin keke. Aka yi dariya. Daga ranar sunansa ya koma "keken kanti", har waɗanda ba sa jin Hausa suka iya faɗa. Ba mugunta ba ce a zuciyar Jidda, washegari ma ta manta ta faɗa. Ni ce ban manta ba. Keken nan yana gudu, na ci tsere da shi ya fi sau biyar, amma duk lokacin da na sauko da shi a lifta sai in tsaya a gefen da jikina zai rufe rubutun.

Wata rana da hantsi, Umma tana kicin, na ɗauki rezar Abba na fita baranda. Na kankare haruffan nan ɗaya bayan ɗaya har fentin ƙasa ya soma tashi. Da na kifa keken sai na ga wata 'yar takarda a liƙe a ƙarƙashinsa, ita ma da tambarin kantin da wata doguwar lamba da ta fara da harafin K. Na kankare ta tas. Sannan na rufe wuraren da furannin roba na liƙawa da na saya a shagon ƙasa. Da Abba ya gani sai ya yi murmushi, ya ce 'yan mata dai sai da ado.

Cikin watan Maris na shekarar da ta biyo baya, saƙo ya shigo wayar Abba daga kantin. An gano matsala a birkin wasu kekunansu, duk wanda lambar nasa ta fara da K ya daina hawa, ya dawo da shi a gyara kyauta. Abba ya nemo rasit, ya tarar rubutun ya goge, saura farar takarda. Ya kifa keken yana neman lambar bai gani ba, sai ya kira ni. Na ce ta ɓalle da kanta. Ya tambaye ni ko na tuna harafin farko. Na tuna sarai, ina ganinsa a idona, amma na san idan aka kai keken kanti za a ɗaye furannin a ga aikin reza, Abba kuma ya gane na ji kunyar abin da ya saya mini. Na ce ban taɓa lura ba. Ya matsa birkin ya ji yana kamawa, ya ce wataƙila namu ba ya ciki, amma kada in hau sai mun kai an duba ranar Juma'a. Juma'ar nan jirgi ya iso, aka kira shi aiki. Ta gaba ma haka. A mako na uku na soma saukowa da keken idan ba ya gida, Umma kuwa ta ɗauka an gama maganar.

Ƙanwata Amira tana da shekara shida a lokacin, kullum tana bina tana roƙon in goya ta. Wata rana na ɗora ta a kariyar keken, na ce ta riƙe ni da kyau. Akwai gangare da ke sauka garejin ƙarƙashin ƙasa, an hana mu binsa, amma kowa yana bi. Muna tsakiyar gangaren na matsa birki, na ji hannun ya tafi laƙwas har ya taɓa yatsuna. Na ja ƙafa a ƙasa, takalmina ya fita. Muka daki ginshiƙin siminti. Ni gwiwa kawai na kurje. Amira ta faɗa a kan hannunta na dama, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne ba ta yi kuka nan da nan ba, kallona kawai take yi.

Karaya ce a gwiwar hannu, sai da aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Wata biyu Umma ke ba ta abinci a baki, don ta ƙi ci da hagu, ta ce malam ya hana. Na jira Abba ya yi mini faɗan hawan keken bayan ya hana. Bai yi ba. A asibiti na ji yana gaya wa Umma cewa shi ne ya jawo, shi ya zaɓi mai arha, shi ya yi ta ɗaga ranar kai shi. Umma ta ce ƙaddara ce, ya daina faɗar haka. Bai daina ba. Bai ko mayar da keken kanti ba, ya jingine shi a baranda bayan bokitan yakuwa, rana ta ci tayoyinsa. Daga nan Abba ya zama mutumin da ba ya iya zaɓen komai. Ko tukunyar shinkafa za a saya sai ya tsaya gabanta ya daɗe, sannan ya ce Umma ta zaɓa. Idan Amira ta miƙa hannu karɓar wani abu, ya ga bai miƙe sosai ba, sai ya tashi ya bar falon. Ni kuwa ina kallon duk wannan, ina cin abinci a gidan, ina kawo sakamako mai kyau daga makaranta, bakina a rufe.

Shekara uku aka yi a haka. Da annobar korona ta zo aiki ya ja baya a kamfaninsu, a farkon 2021 aka sallame shi, bizarmu kuma a kan aikinsa take. Muka soma ɗaure kayan da za a kai Ras Al Khor a sa a kwantena zuwa Kano. Ina naɗe kwanuka da jarida a bakin baranda, Abba ya janyo keken zai sauka da shi wurin shara. Furannin sun bushe sun zube, sawun reza ya fito fili. Ya tsaya yana shafa wurin da babban yatsa. Kafin ya tambaya na faɗa masa komai, da rezar, da harafin K, da ƙaryar da na yi masa. Ya zauna a kan wani kwali. Na soma fatan ya daka mini tsawa.

"Shekara uku, Nafisa," ya ce a hankali. "Da kin ce mini K ne, da a daren ranar na kai shi." Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, shi ma yana da nasa kason, amma ba hannunsa ne ya karye ba. "Je ki gaya wa ƙanwarki."

Na same ta a ɗaki tana cusa littattafanta a jaka. Ta saurare ni har ƙarshe, ta dubi hannunta, ta dube ni. "Shi ya sa kullum kike ba ni namanki, Yaya?" Na ce eh. Ta ce to kada in daina. Ta ci gaba da haɗa kayanta, amma ranar ba ta sake yi mini magana ba, kuma sai da muka kwana uku kafin ta dawo gefena a kan tabarmar cin abinci.

Yanzu muna Kano, ina jami'a, Amira ta kusa kamo ni a tsawo. Tana rubutu da hannun nan, tana daka da shi, sai dai lokacin sanyi yakan yi mata tsami, kuma ba ta taɓa koyon keke ba. Abba ya buɗe ɗan ofishinsa na fiton kaya, ya koma zaɓen abu da kansa ba ya neman kowa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Amma a da, in na gaya masa abu, amsawa yake yi kansa a sunkuye a kan abin da yake yi. Yanzu sai ya ɗago ya ɗan dubi fuskata tukuna. Kallo ne na daƙiƙa ɗaya, ba na jin shi kansa ya san yana yi. Ina kewar lokacin da maganata kaɗai ta ishe shi.