Mushe Alkasum Tahiru, Malamin da Ya Koma Aji da Raɗa

An haifi Alkasum a Hamdara, cikin ƙasar Damagaram, a daminar shekarar 1958. Mahaifinsa Malam Tahiru manomin gyaɗa ne, mahaifiyarsa kuwa Kulu ce, wadda in ta kira yaro daga bakin rijiya ake jin ta a gona. Wannan murya ita ce babban gādon da ya samu.

Karatu da fara aiki

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1965, ya ci gaba har makarantar horon malamai ta Zinder, inda ya kammala a 1978. A watan Oktoban wannan shekara aka tura shi Gidimuni, aka ba shi aji na rumfar kara kusa da tabki. Dattawan garin har yau suna cewa masu lambu da yawa sun haddace lissafin sau ba tare da sun taka lakwal ba, domin muryar Mushe Alkasum (Mushe laƙabin girmamawa ne daga Faransanci da ake kiran malamai da shi) ba ta san iyakar rumfa ba.

Aure

A shekarar 1983 ya auri Ummul Khairi, 'yar wani mai lambun rake a garin, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun ofis

A shekarar 1989 ya ci rubutaccen ɓangaren jarrabawar ƙwarewar malamai, wadda suke kira CAP. Abin da ya rage shi ne ya koyar a gaban masu jarrabawa, kuma cikin darussan har da na waƙa. Kafin ranar ta zo muryarsa ta dushe, aka yi masa aiki a maƙogwaro a Yamai cikin 1990, ya dawo ba ya iya magana sai da raɗa. Hukuma ta ɗauke shi daga aji ta mai da shi magatakarda a ofishin ansifekta, wato mai duba makarantu, a Zinder, iyalin suka tare a unguwar Zango.

Ansifektan ya gaya masa gaskiya: nasarar da ya samu ba za ta jira shi ba, in bai yi gwajin aji kafin ƙarshen 1993 ba, za ta faɗi, kuma ba wanda zai sake danƙa yara ga malamin da ba murya ba shaida. Ya ba shi shawara ya riƙe kujerarsa, tunda akwai inuwa da fanka. Waɗanda suka halarta sun ce Alkasum ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Mushe, kujerar nan aro aka ba ni."

Abokin karatunsa Mala, wanda ke shugabantar wata lakwal a Zango, ya riƙa ara masa aji duk mako in ya tashi daga ofis. Watannin farko sun yi masa ɗaci. Yara suka mai da shi abin dariya, shi kuwa yana ta matsa wa maƙogwaro har ya koma gida da tari, Ummul Khairi tana dafa masa citta tana faɗa. Daga baya ya daina kokawa da surutunsu. Sai ya tsaya tsakiyar aji, ya ƙwanƙwasa tebur, ya fara da raɗarsa, wanda ke son jin ƙarshen labari dole ya sa maƙwabcinsa ya yi shiru.

Waƙa ce ta gagara. Hanya ɗaya ta rage masa, wato fito da baki, abin da mahaifinsa ya taɓa dukansa a kai, wanda kuma mutumin kirki ba ya yi cikin jama'a. Ya yi ta jin nauyin abin har shekarar karatu ta kusa ƙarewa.

Jarrabawa

A watan Mayun 1993 masu jarrabawa uku suka zauna a bayan ajin Mala. Ya yi lissafi da karatu cikin shirun da ake jin tafiyar alli a kan allo. Da aka zo waƙa ya sunkuyar da kai, ya tsuke baki, ya busa karin waƙar, yara suka ɗauka. Ɗaya daga cikin baƙin, dattijo mai carbi, ya ɓata rai. Amma da aka tashi shi ne ya fara magana, ya ce tun da yake wannan aiki bai taɓa zama a bencin ƙarshe ya ji kowace kalma ba sai ranar.

Komawa Gidimuni

Ya ci jarrabawar, aka ba shi zaɓin makarantu a cikin birni, ya roƙi Gidimuni. Ya koma a Oktoban 1993, ya koyar a can har ya ajiye aiki a 2018. Masu lambu sun yi kewar lissafinsu na kyauta, shi ma ya yi kewar muryarsa, bai kuma ɓoye ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Alhamis cikin watan Maris na 2023, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa a Gidimuni, aka binne shi a maƙabartar da ke kallon tabkin. Ya bar matarsa Ummul Khairi da 'ya'ya uku: Rashid, ɗan kasuwa a Zango, Faruk, wanda ya riƙe lambun kakansa, da Salamatu, malama a lakwal ɗin da mahaifinta ya koyar. Salamatu ta gāji muryar kakarta Kulu, lafiyarta ƙalau, amma in ta shiga aji sai ta ƙwanƙwasa tebur ta fara da raɗa. Allah ya jiƙansa.