Kicin ɗin da Yake Bin Raelene

Bokitin wanki ne ya fara kunyata ni, tun ba mu kai Rockhampton ba. Dabarar kowa ya san ta: ka zuba kaya da ruwa da sabulu, ka rufe, ka ɗaure bokitin a cikin tafi-da-gidanka, wato ɗakin nan mai taya da mota ke ja, gargadar hanya ta yi maka wankin. Na zuba, na ɗaure, murfin ne dai na ɗora shi kamar hular aro. Da muka tsaya shan mai aka buɗe ƙofa, sai ga kumfa har kan katifa, gajeren wandona yana iyo a gaban murhu.

Raelene, matata, ta naɗe hannun riga ta ɗauki tsumma. Ni kuwa a wannan tafiyar nake shirin roƙonta mu sayar da gidanmu, mu sayi babban tafi-da-gidanka, mu zaga Ostireliya tunda na kusa barin aikin gidan waya.

A irin wannan ɗaki mai taya ta tashi. Mahaifinta ɗan ƙwadagon gonaki ne, inda mangwaro ko tumatir ya nuna, nan ne garinsu. Ta shiga makarantu da yawa har ba ta riƙe sunan malami ko ɗaya ba. Tun tana 'yar mitsitsiya ta iya cusa katako ƙarƙashin taya har sai ƙwai ya daina gangarewa gefen kasko. Da na nemi aurenta ba kyauna ta duba ba, don babu. Gidana ta duba, na bulo, wanda ba ya motsi. Ta dasa lemun tsami a bayan gida, ta ce ita kam ta sauka.

Yara na fara tasawa na sayo tafi-da-gidanka, na ce mata kyauta ce.

Tun daga nan, duk hutun sanyi sai mu miƙa arewa inda ake ɗumi. Teku a dama, gonakin rake a hagu, yaranmu Tegan da Lachie a baya suna cin naman juna.

"Mama, Lachie ya ɗora mini ƙafa!"

"Ƙarya take, ƙafarta ce ta shigo ƙarƙashin tawa."

"Ku ci gaba," in ji Raelene, idonta a rufe. "Gada ta gaba zan miƙa ku wa kada, ya zaɓa da kansa."

A zango mu maza mukan jera kujeru da abin sha mai sanyi, muna kallon sabon zuwa yana fama da ja da baya, muna ba shi shawarar da bai nema ba. Raelene kuwa tana ciki, a kicin da ba ya ɗaukar mutum biyu. Ta soya tsiran nama da albasa, ta share rairayi, yara su kwaso wani. Tekun ta tagar wanke-wanke take ganinsa.

A Bowen na samu abin da nake nema. Maƙwabcin zangonmu, Col, zai sayar da nasa, dogo kamar bas. Na sami Raelene da yamma tana shanya katifar da na jiƙa, gashinta ya manne a goshi.

"Rae, zo ki ga aljanna. Har injin wanki gare shi. Ke da bokiti har abada."

"Da wane kuɗin, Trev?"

"To, ai gidan ya yi mana girma, yara sun kusa watsewa..."

Ta ajiye abin maƙale shanya, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Lemona fa? A bokiti za ka ɗaure shi, ka bar murfin a buɗe?"

"Haba, uwar Tegan, hutu fa nake nema miki."

"Hutu? Tun ina goye kicin yake bin bayana a kan taya. Kai ka je ka zaga, Trev. Ni ka bar mini gidan da in na fita, ba ya biyo ni."