Idan Baba Ya Iya, Kowa Zai Iya

Ranar Talata ce, kuma babu abin da ya raba ta da sauran Talatoci. Da ƙarfe shida da rabi Injiniya ta fito sanye da silifas ɗin mahaifinta, kamar kullum, ta ɗora ruwan shayi. Ba injiniya ba ce. Digiri na biyu take yi a fannin sarrafa bayanai da kwamfuta. Tana 'yar shekara tara ta gyara rediyon Baba ta hanyar juya batirin da ya sa a baibai, tun daga nan sunan ya bi ta.

Ƙarfe bakwai ta shiga ɗakin Mama ta miƙe mata yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Mama ya shanye, kuma daga wannan ciwo aikin kammala karatun Injiniya ya samo tushe. A sashen gashin ƙashi na asibiti kowa ce masa ake yi ya zo da safe. Sai a cika benci tun ƙarfe bakwai, wani ba za a kira shi ba sai rana ta karkata. Wata rana Mama ta zauna har ƙafarta mai lafiyar ma ta kumbura. Da suka iso gida Injiniya ta ce, "Baba, na samu aikin da zan yi."

Da farko asibitin gaba ɗaya ta so ta haɗiye. Malamar da ke duba aikinta ta ce ta ɗauki kayan da wuyanta zai iya. Sai ta tsaya kan abu ɗaya: manhajar da za ta ba kowane mara lafiya lokacinsa, ta aika masa saƙon waya ana gobe, in ya ce ba zai samu zuwa ba ta miƙa gurbin ga wanda ke jira. Kafin ta taɓa kwamfuta sai da ta shafe watanni a kan bencin nan tana kallo. Abokin aikinta, wani ɗan ajinsu da ake kira Dogo, shi ke gina cikin manhajar. Ita kuma nata shi ne fuskar da ma'aikata za su gani.

Ƙarfe takwas lokacin Baba ne. Tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, wanda har yau da yatsa ɗaya yake danna waya. Don haka ma ta zaɓe shi ɗan gwaji. Takan ce idan Baba ya iya, kowa zai iya. Ta zaunar da shi gaban kwamfutar, ita ta koma bayansa, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta.

"Ga mara lafiya a taga, Baba. Likita ya ce sau biyu a mako. Ba shi lokaci."

"Ina zan danna?"

"Ba ni da baki."

"Ai kina da shi lokacin cin nama."

Ya danna wani wuri, allon ya kai shi inda bai nufa ba. Ya cire tabarau ya ajiye.

"To, na ɓata. Sai ki nemi yaro mai ƙwaƙwalwa."

"Ba ka ɓata ba, ni ce na ɓoye maka hanya. In ka ɓata laifina ne. Mayar da tabaran."

Mara lafiya na farko a jerin gwajin ita ce da kanta. Lambar wayarta ta sa, ta ba kanta ƙarfe goma na kowace Alhamis, a wurin ciwo kuma ta rubuta: ciwon wuya saboda taurin kan Baba.

Ƙarfe goma ta rataya jaka ta fita. Da tsakar rana ta bugo ta tambaya ko Mama ta sha magani. Ƙarfe uku suna tare da Dogo a ɗakin kwamfutoci na jami'a. Ƙarfe biyar ta aiko saƙo cewa ta sayo lemo. Kafin shida birkin wata babbar mota ya ƙwace a shataletale, ta bi ta kan tasin da take ciki. Ba a kai da ita asibiti da rai ba. Shekarunta ashirin da shida.

A cikin leda aka kawo wa Baba wayarta, gilashin ya tsage daga kusurwa. Washegari da la'asar, gida cike da masu gaisuwa, wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba. "Gobe Alhamis kina da lokaci ƙarfe goma na safe. Idan ba za ki samu zuwa ba, ki aiko da lamba biyu." Ya mayar da ita aljihu, ya ci gaba da amsa gaisuwa. Larabar da ta biyo baya saƙon ya sake zuwa, haka ta bayanta.

A mako na uku Dogo ya zo, ya zauna a bakin kujera kamar mai laifi. Ya ce masu jarrabawa za su zauna ƙarshen wata. Abin da ya rage shi ne gwaji da ma'aikatan sashen da miƙa musu manhajar, kuma wannan aikinta ne. Shi ya je sashen sau ɗaya. Mai ba da kati ya ruɗe, shi kuma ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannunsa ya yi masa da kansa. Sista, shugabar sashen, ta ce ba ta da lokacin koyon yaren kwamfuta, su bar ta da bencinta.

"Baba, ni injin na sani. Mutane ita ta sani."

"In aka bari fa?"

"Za su ba ni maki a kan abin da na gina. Sashen kuma ya ci gaba yadda yake."

Ranar Litinin ɗin da ta wuce Baba ne ya kai Mama asibiti, sun zauna har ƙarfe biyu. Ya kalli Dogo.

"Gobe ka biyo ta nan. Ka bar bakinka a gida."

Ofishin kati ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya da fanka mai kuka. Mai Kati ya kusa zama sa'an Baba, kuma kallon kwamfutar yake yi kamar an ajiye masa maciji a tebur. Baba ya jawo kujera ya zauna bayansa, ya cusa hannuwa ƙarƙashin cinyoyi.

"Ga mara lafiya a taga. Ba shi lokaci."

"Malam, ina zan danna?"

"Ba ni da baki."

"To me ya kawo ka?"

"Kallo. In ka ɓata ba laifinka ba ne, na wancan dogon ne. Ni ma da yatsa ɗaya na koya."

Mai Kati ya yi dariya, ya miƙa yatsa. Dogo yana tsaye a kusurwa yana cizon leɓe, amma bai matso ba.

Kwana da kwanaki suna zuwa. Duk inda hannun Mai Kati ko na Sista ya tsaya yana lalube, Baba ya nuna wa Dogo, Dogo ya koma ya gyara. Babbar matsalar ma a gida ta bayyana. Da aka gwada aika wa Mama saƙo, wayarta na can ƙarƙashin matashi, kuma hannu ɗaya ba ya buɗe ta. Rabin masu zuwa sashen haka suke, wani ne ke kawo su. Dogo ya ƙara wurin sa lambar mai kawo mara lafiya. Da Sista ta ga haka sai ta ce a fara ranar Litinin.

Abu ɗaya ya rage, a kwashe sunayen gwaji kafin a sa na gaske. Dogo ya kwashe duka sai na farko, na Injiniya. Ya ce hannunsa ya ƙi.

Baba ya karɓi kujerar Mai Kati. Wannan shafin bai taɓa gwada shi ba. Ya buɗe sunanta, ya ga inda aka rubuta "Rufe fayil", ya danna. Allon ya tambayi dalili: ya warke, ya koma wani asibiti, ya rasu. Ita ta tsara ukun. Ya zaɓi na uku. Sai wani ɗan rubutu ya fito cewa an dakatar da saƙonni zuwa ga iyalinsa, kuma gurbin ƙarfe goma na Alhamis ya buɗe.

Ya cire tabarau ya goge su da bakin riga.

"Nan ba ta ɓoye hanya ba," in ji shi.

Gurbin kuwa, wani mai walda da ya karye a ƙugu ne ya same shi. Mama kuma an ba ta Litinin ƙarfe sha ɗaya, kuma a ranar farko sun dawo gida kafin ƙarfe ɗaya. Ƙarshen wata Dogo ya tsaya gaban masu jarrabawa shi kaɗai, da sunaye biyu a bangon kundin. Baba yana kujerar baya. Da aka tambayi yadda aka yi gwaji da ma'aikata, Dogo ya juya ya nuna shi.

Sai bayan nan suka buɗe ɗakin Injiniya. Tufafin aka raba wa 'ya'yan ƙanwar Mama, ban da gyale ɗaya da Mama ta riƙe. Littattafan Baba ya kai sashensu na jami'a a kwali biyu. Kwamfutarta tana ofishin kati, Mai Kati yana lulluɓe ta da tawul idan zai tashi. Wayarta ba a canza mata gilashi ba. Lambar wayar Baba ya sa a wurin mai kawo Mama, don haka duk Lahadi da la'asar takan yi ƙara a aljihunsa. Silifas ɗin kuwa dama nasa ne. A bakin gadonta ya same su, dunduniyar ta cinye ta gefen da ita take takawa. Ya sa su ya fito.