Neman Yarona a Hanyar Doguwa

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ana idar da salla, raɓa ko bushewa ba ta fara yi a kan dawa ba. Motar haya ce, an ɗaura mata lasifika a ka kamar ta masu tallan maganin basir. Wata 'yar ƙungiyar wayar da kai ta garinmu ce ta shirya tafiyar. Ɗaya daga cikin 'yan majalisarmu ne ya miƙe a zaure ya yi magana a kan matasa da zaɓe, da Turanci kuma ya yi ta, sai aka ce a samu wanda zai zaga ya faɗa wa mutane da Hausa. Da yake na daɗe ina cin alli a firamare kafin in yi ritaya, kowa sai ya waiwayo ya dube ni.

Abu biyu ɗan majalisar ya nema. A daina miƙa wa matasa gora suna bin 'yan takara, a koya musu sana'a. Sannan a sauƙaƙa wa wanda neman abinci ya kai wani gari ya mayar da katin zaɓensa can, ba sai ya dawo gida ba. Na haddace bayanin tsaf, har ina yi wa bangon ɗakina gwaji.

Amma in gaya muku gaskiya, ba don majalisa na shiga motar nan ba. Ɗana na fari nake nema. A zaɓen da ya wuce ya bi wani ɗan takara, mutumin ya faɗi, yaransa suka watse, ɗana kuma kunya ta hana shi zaman gari. Da mahaifiyarsa ta rasu ya zo aka yi zaman makoki da shi, ya sake ficewa, lambar wayarsa ma ta daina shiga. Ƙannensa mata duk suna ɗakin mazajensu, ni kaɗai ne a gidan sai kaji. Na dai ji ƙishin-ƙishin yana wajen Doguwa. Abin da nake rarrashin kaina da shi kullum shi ne, rumfar zaɓensa tana firamaren bayan gidanmu. Ko bai zo don ni ba, zaɓe zai kawo shi.

Ga kuma wata matsala. Ɗan fari ne, tun da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. "Kai" nake ce masa, in zan ba da labarinsa in ce "yaron nan". Haka muka tarar iyayenmu suna yi.

Yako muka fara tsayawa, a ƙasar Kiru. Daga titi zuwa cikin gari damina ta ci hanyar, 'yan acaɓa suna wuce mu suna yi mana dariya. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata katuwar tsamiya, na dubi taron matasan da aka tara mana, wallahi rabinsu sun girme ni. Aka gabatar da shugaban matasa, sai ga mutum da furfura har gira. Na tambayi ina samarin, ya ce wasu suna gona, saura sun yi kudu. Na yi bayanina, dattawa suka gyaɗa kai, aka shafa fatiha.

A Kwanar Dangora muka karya da waina da miyar taushe. Wainar ta yi daɗi, sai dai ta rame, kuɗinta kuma ya yi ƙiba. Abokan tafiyata samari ne masu kirki, amma kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, direba kuma yana can yana faɗa da mai faci. Na zauna a kan benci ina kallon manyan motoci suna wucewa. Duk wadda ta gifta da samari a saman kaya sai na bi fuskokinsu da ido.

Tudun Wada ranar kasuwa muka tarar, shanu da awaki da buhunan masara sun cushe hanya. Bayan na gama magana a lasifika, sai na zare jiki na samu wani ɗan kamasho a tasha, tunda su ne suka san mai shiga da mai fita. Muka gaisa, na ce, "Don Allah yarona nake nema, an ce ta nan ya bi ya yi Doguwa."

Ya dubi babbar rigata, ya dubi motarmu da lasifikarta, ya ce, "Yallaɓai, ai ba sai ka je Doguwa ba. Guda nawa kake so?"

Kafin in gane inda ya dosa har ya yi fito. Kai jama'a! Sai ga samari suna ɓullowa daga bayan rumfuna, wani da gora, wani hula a karkace, suna ɗaga hannu suna "Sai Yallaɓai! Sai ka yi!" Ni da ko shugabancin kwamitin masallaci ban taɓa nema ba. Abokan tafiyata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ma na dara, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. A bakin ɗan kamashon nan, yaro shi ne wanda ake ɗauka a bi da shi taro. Haka aka kira nawa shekara da shekaru, yaron wane. Na ba su haƙuri na ce ɗan cikina nake nufi, suka watse jiki a sanyaye, ni ma na koma mota jiki a sanyaye.

Daga nan sai dajin Falgore. Mun wuce shingen sojoji, sabis ya ɗauke, motar ta yi tsit tunda ba abin latsawa. Daji ne kore shar, bishiyoyi sun haɗe kai, birai zaune a gefen kwalta suna kallonmu kamar mu ne baƙin da ba su yi sallama ba. A bakin dajin mun sayi fura da nono wajen wata Bafulatana, ta dama mini a ƙwarya tana ce mini Baffa. Nan kewar matata ta taso mini. Da tana raye da ita zan ba labarin ɗan kamasho, ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane.

Mun isa Doguwa bayan azahar. Ƙasa ce mai duwatsu da iska mai sanyi, ko'ina ka duba masara ce a tsibe. Na yi bayanina a ƙofar wani dagaci, muryata tana tafiya har cikin gonaki. Da aka tashi na matsa kusa da wani dattijo, wannan karon na gyara bakina, na ce ɗana nake nema, mutumin Bebeji.

"Malam, baƙi sun yi yawa da kakar nan," in ji shi. "Sunansa wa?"

Na duba ko akwai wanda zai faɗa a madadina, babu, abokan tafiyata ba su san shi ba. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan a hankali.

"Au! Mai injin casar masara? Ai ga shi can bayan makaranta."

Aka aika, ya zo. Ya yi baƙi, ya yi ƙarfi, ƙaiƙayi duk a gashinsa. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe kamar yadda na saba. Ya ce tun daga gona ya gane muryata. Muka ɗan taɓa hira. Injin na wani manomi ne, amma shi ke tafiyar da shi, har ya iya gyaransa. Ya ce, "Baba, nan ba wanda yake ce mini yaron wane. Da sunana ake kirana."

Na ce madalla. Ina shirin in ce to sai mun gan ka lokacin zaɓe, sai ya riga ni.

"Kuma wallahi bayanin nan naka ya shige ni. Da ina ta tunanin yadda zan koma layin firamare in haɗa ido da mutane. In dai abin ya tabbata, nan zan mayar da katina."

Ni na haddace maganar, ni na ɗauko ta tun daga Bebeji na kawo masa har gona. Na sake cewa madalla, Allah ya yi albarka.

Direba ya matsa mu tafi don mu ƙetare daji da sauran rana. Yaron nan ya ɗauko buhun masara ya sa mana a but, ya karɓi wayata ya sa sabuwar lambarsa, ya juya ya nufi gona. Mota ta fara motsi, sai na leƙa ta taga na kira sunansa da ƙarfi, a gaban kowa. Ya tsaya cak, ya waiwayo, baki buɗe. Hannu kawai na ɗaga masa.

Ana kiran isha muka shigo Bebeji. Aka sauke mini buhun a zaure, na kunna fitila, kaji sun riga sun kwanta. Maganar ɗan majalisa daidai ce, na gani da idona a tashar Tudun Wada, na kuma gani a Doguwa. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, gyaran da zai amfani matasa wani lokacin iyayensu ne za su ji zafinsa, kuma na ji. Ranar zaɓe zan bi layin firamare ni kaɗai. Da na idar da salla na ɗaga hannu zan yi wa yaron nan addu'a, sai na ji bakina ya kama sunansa.